Riƙon 'ya'ya bayan mutuwar aure: abin da alƙali ke dubawa, da inda ake samun lauya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a harabar kotunan shari'a da ofisoshin sulhu a arewacin Najeriya. Amsoshin sun ginu a kan mazhabar Malikiyya, domin da ita alƙalanmu ke hukunci a auren Musulmi, sai dokokin tarayya a inda suka shigo. Tsarin shigar da ƙara yana ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha.

Aurenmu ya mutu. Wa ke da haƙƙin riƙe yaran, ni ko babansu?

Ke ce. Wannan haƙƙi shi ne hadana a fiƙihu: inda yaro zai kwana, wanda zai yi masa wanka, ya ba shi abinci, ya yi jinyarsa. A Malikiyya uwa ce ke riƙe namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare a ɗakinta. Tushen hukuncin hadisi ne da Abu Dawud ya ruwaito: wata mata ta kawo kuka wurin Annabi (SAW) cewa mijinta ya sake ta, yana kuma neman raba ta da ɗanta, sai ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Abin da ake gani a gidaje dabam ne. Da an yaye yaro sai a turo gwaggo ko ƙanin miji ya ɗauke shi, a ce ai ɗa na uba ne. Ɗa na uba ne wajen nasaba, da walicin aure, da ɗawainiyar ci da sha. Wurin kwana ba ya cikin lissafin. Ɗauke yaro bayan yaye al'ada ce kawai, kuma ba ta tsayawa a gaban alƙalin da ya san littafinsa. Mata da yawa ba a kotu suke rasa 'ya'yansu ba, a tsakar gidan iyayensu suke miƙa su don kunya ko rashin sani.

To ina maganar cewa yaro na komawa wurin uba in ya kai shekara bakwai?

Ra'ayin wasu mazhabobi ne. Hanafiyya na mayar da namiji wurin uba a shekara 7, mace a shekara 9. Shafi'iyya na ba yaro zaɓi idan ya yi wayo. Malikiyya ba ta da wannan iyaka, ba ta kuma rataya hukuncin a kan zaɓin yaro, ko da yake alƙali na iya jin ta bakinsa don ya gane halin da yake ciki.

Idan na yi wani auren, shi ke nan yaran sun koma hannun babansu?

A'a, kuma nan ne ɓangarorin biyu suka fi yin kuskure. Haƙƙinki yana faɗuwa idan kika auri wanda ba muharramin yaron ba ne, kuka tare. Ɗaurin aure kaɗai ba ya kayar da shi. Idan ya faɗi kuma, ba wurin uba yake tsallakawa ba, dangin uwa yake bi tukuna: mahaifiyarki, sannan kakarki, sannan yayarki ko ƙanwarki, sannan innarki, wato 'yar'uwar mahaifiyarki. Sai an rasa mai cancanta a cikinsu ake zuwa ga kakar yaron ta wajen uba, sannan uban, sannan yayar yaron, sannan gwaggonsa. Jerin Muktasar ke nan, littafin fiƙihun Malikiyya. Littafin Risala ma ya gabatar da 'yan'uwa mata da gwaggonni a kan dangi maza. Ko Sayyadina Umar bai tsallake wannan ba: ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, Sayyadina Abubakar ya ce ya bar mata shi, bai yi musu ba.

Akwai sharaɗin da ke kayar da kakanni a kotu ba tare da sun san da shi ba. Kakar da za ta karɓi yaro dole ta kasance ba gida ɗaya take zaune da uwar da ta yi aure ba. Idan angon ya tare a gidan surukarsa, ko kakar ta bi 'yarta gidan miji, uba ya sami hujja.

Akwai kuma inda aurenki ba zai kayar da haƙƙinki ba: idan kin auri baffan yaron, ko wani waliyyinsa kamar ɗan baffansa; idan jariri ne da ya ƙi karɓar nonon kowa; idan babu wani mai riƙo, ko akwai shi amma ba amintacce ba ne ko ba shi da ƙarfin renon; ko kuma wanda haƙƙin zai koma wa ya san kin tare, ya yi shiru har shekara guda ba uzuri. Uban da ya zuba ido yaro yana zaman agola shekara biyu, sannan ya taso don an ɓata masa rai a kan wani abu, zai sha wuya kafin a saurare shi.

Auren na biyu ya mutu. Zan iya karɓo 'ya'yana?

A ra'ayin da ya fi ƙarfi, haƙƙin da ya faɗi ta hanyar aure, ko wanda kika yafe da bakinki, ba ya dawowa don kin koma zawarci. Yana dawowa idan lalura ce ta raba ki da shi, kamar ciwon da kika warke daga baya, ko kakar da ke riƙe da yaron ta rasu alhali ba ki da aure, ko auren ya mutu tun kafin mai haƙƙi ya ji labarinsa. Saboda haka tun kafin a sa ranar tarewa, a tsayar da wadda za ta karɓi yaran a danginki, a sanar da uban a gaban shaidu.

Ni uba ne, na ga yarana ba sa samun kulawa a hannun uwarsu. Me zan tabbatar wa kotu?

Mai riƙo, mace ko namiji, ana buƙatar ya kasance mai hankali, mai ƙarfin yin hidimar, amintacce a addini da ɗabi'a, wanda ba zai watsar da kuɗin ciyarwar yaro ba, ba shi da cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaron, gidansa kuma killatacce ne, musamman ga yarinyar da ta fara tasawa. Uwa tana nan a kan amincinta har sai ka kawo abin da ya rushe shi, domin hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan mai musu.

Cewa “ba ta da tarbiyya” ba hujja ba ce. Hujja ita ce maƙwabta adilai biyu da suka ga ana kulle yara a gida a yi tafiyar kwanaki, ko rajistar makaranta da ke nuna yaro ya yi zango guda bai leƙa aji ba, ko takardar asibiti ta ƙuna ko karaya da ke maimaituwa, ko shaidar cewa yarinya 'yar shekara goma tana talla a tasha har bayan isha'i. Talaucin uwa ba ya kayar da ita, tunda ciyarwa a kanka take. Zuwa aiki ko kasuwa ma haka, in akwai babba a gida. Bambancin addini shi kaɗai ba ya kayar da riƙon uwa a Malikiyya, sai dai a sa ido a kan tarbiyyar yaron.

Ka tuna abu biyu kafin ka biya kuɗin sammaci. Na farko, ko ka yi nasara, mai yiwuwa surukarka ce za ta tafi da yaran, ba kai ba. Na biyu, idan layi ya zo kanka, za a tambaye ka wace mace ce a gidanka da za ta yi renon, domin ba a ba gwauro ƙaramin yaro. Idan amarya ce, lauyan tsohuwar matarka zai tono yadda take da yaran, kuma yana da damar yin haka.

Wane haƙƙi ya rage wa uba idan yara na wurin uwa?

Ganinsu, ladabtar da su, sa su a makaranta da bin diddigin karatunsu, da walicin auren 'yarsa. Yaro na iya wuni wurinsa, amma kwana a wurin mai riƙo ne sai in an yi yarjejeniya. Ku nemi a rubuta ranakun ziyara ƙarara: wace rana, ƙarfe nawa, wa zai kawo, wa zai mayar, yadda za a raba hutun makaranta da sallah ƙarama da babba. Hukuncin da ya tsaya a kan “uba zai riƙa ganin 'ya'yansa” shi ne ke mayar da mutane kotu bayan wata uku.

Nawa ne kuɗin ciyarwa, kuma yaya ake yanke shi?

Babu adadi tsayayye. Alƙali na duba samun uba, da tsadar garin, da shekarun yaran. Abin da ke kan uba shi ne abinci, sutura, shimfiɗa, da rabon yaran a kuɗin haya, kotuna kuma na haɗawa da kuɗin makaranta da magani. Yana ciyar da namiji har ya balaga yana iya nema da kansa, mace har ta tare. Mai riƙo ita ke karɓar kuɗin. Uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo yaran su ci a gidansa su koma. Ba a biyan uwa ladan reno, amma wadda aka yi wa sakin da ba kome tana da ladan shayarwa, kamar yadda ya zo a aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ.

Kada ki je ki ce wa alƙali “duk abin da ya sauwaƙa”. Ki je da takarda: kwano nawa na shinkafa da masara ke tafiya a wata, man girki, sabulu da omo, gawayi ko gas, kuɗin mota zuwa makaranta, rasit ɗin boko da na islamiyya, katin asibiti. Idan ma'aikaci ne, ki faɗi inda yake aiki da matsayinsa. Idan ɗan kasuwa ne, ki kawo wanda ya san rumfarsa. Ki roƙi a riƙa biya ta banki ko ta hannun rajistaran kotu, don a sami shaidar wanda ya biya da wanda ya ƙi. Farashi in ya tashi, ana iya komawa a nemi ƙari.

Shekara uku ina ciyar da su ni kaɗai. Zai biya ni abin da ya wuce?

Ba lallai ba ne. A Malikiyya ciyarwar 'ya'ya tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai a hali biyu: alƙali ya riga ya yanka masa adadi ya ƙi biya, ko kin ciyar ba da niyyar kyauta ba, uban kuma yana da hali a lokacin. Za a iya neman ki rantse a kan niyyar. Don haka a shigar da ƙarar ciyarwa da wuri, a adana rasit, a kuma faɗa a gaban shaidu cewa bashi ne.

Haƙƙin idda dabam yake. Mai sakin kome tana da ci da sha da wurin zama har ta gama tsarki uku. Wadda sakinta ba kome tana da wurin zama kawai, sai in tana da ciki, to ana ciyar da ita har ta haihu.

Ya ce ba zai sake ni ba sai na mayar da sadaki na kuma bar masa yaran. Ya halatta?

Khul'i a kan yafe riƙo ya halatta a Malikiyya, da sharaɗin uban zai iya kula da yaran kuma ba za su cutu ba. Malamai sun saɓa a kan ko yafewar uwa tana shafe haƙƙin kaka, kuma fatawar da aka fi aiki da ita ta ce ba ta shafe shi. Duk da haka kada ki sa hannu ido rufe don ki gaji, domin abin da kika yafe ba ya dawowa.

Ki duba tukuna ko khul'in ma ya kama ki. Idan duka ne, ko zagi mai muni, ko ƙaurace wa shimfiɗa, ko rashin ciyarwa, kina iya neman alƙali ya raba auren ba tare da kin biya ko sisi ba. A batun cutarwa Malikiyya na karɓar shaidar ji, wato maƙwabta da dangi su tabbatar cewa labarin ya yaɗu a unguwa. Idan hujja ta gagara, rikici kuma ya ƙi ƙarewa, ana naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga kowane dangi, bisa aya ta 35 ta Suratun Nisa'i. Wadda ma ta riga ta biya khul'i, in ta tabbatar cutarwa ce ta tilasta mata, ana mayar mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan.

Idan ɗayanmu zai bar garin fa?

Ma'aunin fiƙihu baridi shida ne, wato kilomita 120 zuwa 135, gwargwadon lissafin da aka bi. Idan uwa ta ƙaura zuwa wuri mai wannan nisa da niyyar zama, uba na iya karɓar yaron. Idan uba ne zai ƙaura, yana iya tafiya da shi in hanya da garin amintattu ne, sai dai in uwar ta yarda ta bi su. Fatauci, ziyara, Umra, ko aikin 'yan watanni ba ƙaura ba ne, kuma ana iya rantsar da uba cewa ba dabarar raba uwa da ɗa yake yi ba.

Fita waje ta fi hatsari. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1980 a kan mayar da yaran da iyaye suka tsallaka da su, saboda haka dawo da yaron da ya fita yana da wuya ƙwarai. Wanda ke fargaba ya nemi umarnin hana fita da yaron, da ajiye fasfonsa a kotu, tun a zaman farko.

Wace kotu zan je, kuma me zai faru?

A akasarin jihohi 12 da suka faɗaɗa shari'a bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999, kotun shari'a ta yankinku. A Abuja da jihohi irin su Filato, Kwara da Adamawa, kotun yanki ce ke wannan aiki. Za ki faɗa wa rajistara ƙararki, ki biya kuɗin shigarwa da na sammaci, ki karɓi rasit. Duk kuɗin da ba rasit ba na kotu ba ne. Masinja zai kai sammaci, don haka ki ba da kwatance mai kyau, domin rashin isar sammaci na cikin abubuwan da suka fi jawo ɗage zama. Ki riƙe takardar saki, takardun haihuwa, da shaidar aure in akwai.

A zaure za ki yi da'awa, a juya ga wanda ake ƙara ya yi iƙirari ko musu. In ya musa, ki kawo shaidu, shi kuma a ba shi damar sukar su. Ki faɗi buƙatunki ɗaya bayan ɗaya: riƙo, ciyarwa, haya, ziyara, kayan ɗaki. Abin da ba ki nema ba, da wuya a ba ki. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. Kada ki ce babu in akwai.

Ya zo ya kwashe yaran da ƙarfi. In kai shi wurin 'yan sanda?

Idan an yi duka ko fasa gida, e, wannan laifi ne. Amma DPO ba ya yanke wanda zai riƙe yaro, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba. Ki garzaya kotu a makon, ki nemi umarnin wucin gadi na dawo da su kafin a gama shari'a. Idan kuma akwai hukunci a hannunki ya take shi, ki koma kotun da ta yanke: tana iya sa a kamo shi, ta kuma tsare shi in ya yi taurin kai. Kada ke ma ki je makaranta ki sato su.

Aurenmu na rajista ne, ba na Musulunci ba.

Naku na babbar kotun jiha ne, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sashe na 71 ya ce maslahar yaro ita ce gaba da komai, ba a fifita uba ko uwa tun farko. Alƙali na duba shekarun yaro, wanda ya saba da shi, tsarin makaranta da muhalli da kowa ya gabatar, halin iyayen, da rahoton jami'in walwala in an nema. A shari'ar Odogwu ta 1992 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ƙaramin yaro ya fi samun natsuwa wurin uwa sai in an kawo hujjar akasin haka, a ta Okwueze ta 1989 kuma ta ce ko al'adar da ke ba uba 'ya'ya ba a bin ta in za ta cutar da yaro. Ba a shigar da ƙarar raba aure kafin ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, in ban da 'yan dalilai kaɗan. Hukuncin farko na raba auren yana zama tabbatacce bayan wata uku, idan kotu ta gamsu da tanadin da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 16. Nan kam kada a shiga ba lauya.

Dokar haƙƙin yara ta 2003 ita ma ta ɗora komai a kan maslahar yaro, kuma jihohi sun yi nasu, kamar Kaduna a 2018 da Kano a 2023.

Ba ni da kuɗin lauya. Ina zan dosa?

A kotun shari'a ta ƙasa ba dole ne sai da lauya ba, kina iya tsayawa da kanki ko ki wakilta ɗan'uwa. Amma idan ɗaya ɓangaren ya zo da lauya, ko akwai gida da fili a cikin rigimar, ko za a ɗaukaka ƙara, a nemi taimako. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da rassa a jihohi kuma tana tsaya wa mata da yara kyauta. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA ta daɗe a kan haƙƙin mata a shari'ar iyali ta Musulunci. Hukumar taimakon shari'a ta gwamnati, Legal Aid, wadda aka kafa a 1976, tana kula da wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 tun 2024. Ƙarfinta ya fi a shari'o'in laifi, amma tana ba da shawara, tana yin sulhu. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, da ofishin walwala na ma'aikatar mata, da ɗakunan taimakon shari'a na tsangayoyin lauya a jami'o'i irin su ABU Zariya da Bayero. “Kyauta” na nufin aikin lauya. Kuɗin sammaci da na kwafi da na motar shaidu galibi a kanki suke.

Idan lauyan kuɗi ne, ki tambaye shi ko ya saba da kotun shari'a, domin gwanin shari'ar filaye ba lallai ya san jerin masu riƙo ba. A rubuta jimillar kuɗinsa, a fayyace ko akwai kuɗin fitowa a kowane zama. Lauya na gaske yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, a kan takardunsa. Ki guji 'yan kamashon bakin kotu masu cewa sun san alƙali.

Mun yi sulhu a Hisba. Ya wadatar?

Sulhu ya fi sauri, ya fi araha, kuma yara ba sa ganin iyayensu a zauren kotu. Sai dai Hisba da mai unguwa ba kotu ba ne, ba su da ikon tilasta biya. A rubuta abin da aka cim ma da adadi da ranaku, kowa ya sa hannu da shaidu, sannan a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci.

Ban gamsu da hukuncin ba.

Kina da damar ɗaukaka ƙara, galibi cikin kwana 30. Ki nemi kwafin shari'a a ranar da aka yanke, domin buga shi na cin lokaci. Daga ƙaramar kotu ana zuwa babbar kotun shari'a, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin aure da riƙon yara, inda alƙalai aƙalla uku ke zama. Daga nan sai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da Kotun Ƙoli. Kotun sama da abin da ke rubuce take aiki, shi ya sa ake duba kwafin da kyau: an rubuta shaidunki? An yi i'izari? An tsallake kaka ko inna ba tare da an ji ta bakinsu ba? Waɗannan na cikin dalilan da ake rushe hukunci a kansu. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartarwa, sai kin nemi umarnin dakatarwa dabam. In kwana 30 sun wuce, ki nemi ƙarin lokaci tare da rantsuwar abin da ya hana ki zuwa.